Takardar Bayan Ƙyaure

Kwananmu tara da tarewa a Jega,
lallen hannunki bai ko dushe ba, Tumba,
kika yago takarda daga littafinki na asibiti,
kika ja layi a tsaka, kamar mai rabon gona.
Dama Arzika, hagu ke.

Ɗibar ruwa tawa, na ce to.
Cefane nawa, dama kasuwa hanyata ce.
Da alƙalaminki ya sa wanke-wanke a gefena
sai na saci kallon katanga
ko Inna Yarbuga na kasa kunne.

Ni da na tashi tsakanin yayye mata biyar,
ban san tukunya na da gindi ba
sai da baƙinta ya shige mini farce.
Ranar da na ƙona shinkafar da Baba ya aiko daga Suru
kin kankare ƙanzon kina dariya,
kika ce gobe mun huta, kwaɗo za a yi.

Shara ce ta haɗa mu.
Takarda ta ce tsakar gida, ba ta ce zaure ba.
Muka kwana kowa na kallon bangonsa,
tsintsiya a jingine bakin ƙofa
kamar alƙalin da ba a ba kujera ba.

A majalisa an ce an gan ni ina shanya zane.
Mijin-ta-ce, in ji Muɗi mai faci.
Na ce, ta ce, na kuwa ji.
Kai fa, wa ya ce maka ko sannu tun bara?

Sai makon aikin dare ya zo.
Haihuwa uku kika karɓa, kika shigo da asuba,
kika zauna cire takalmi,
barci ya sace ki da ɗaya a ƙafa.
Girki a gefenki yake.
Ban duba ƙyaure ba.
Na dama kunu, duk gudaji,
kika sha, har gudajin kika tauna.

Da zazzaɓi ya kayar da ni a damina,
daga kwance na ji guga na dukan bakin rijiya,
na ƙirga, sau goma sha ɗaya.

Takardar na nan har yau.
Feshin ruwa ya ci layin tsakiya,
tawadar sunana ta malala cikin naki.
Wanke-wanke dai nawa ne har gobe.
Wannan kam, ko ba takarda,
ba ki taɓa mantawa ba.