Lungun Baƙin Dutse

A Kasuwar Barci na gan shi,
cikin dilar gwanjo, ƙarƙashin takalman yara:
tabarau mai bakin roba
da bututu lanƙwasasshe kamar wuyan buta.
Mai kayan bai san sunansa ba.
Na taya, ya sallama, yana yi mini kallon tausayi.

Barmani ce ta gane shi,
'yata mai karatun duwatsu a Zariya,
wadda tun tana tatata take cika mini aljihu da tsakuwa.
Ta ce, Baba, da wannan ake leƙa ɗakin kifi.

Bazara ta tsotse kogi har haƙarƙarinsa ya fito.
Ndagi ya tokare gora, kwalekwale ya zame.
Muka bar gada da hayaniyarta,
muka wuce masu ɗiban yashi, masu wankin babur,
lambun alayyafo, wata akuya mai kallon ruwa kamar tana bin sa bashi,
har inda kogin ya rabu biyu
ya rungumi wani tsibiri da ko masunta ba su damu da raɗa masa suna ba.

A bayansa lungun yake.
Baƙin dutse ta gabas, baƙin dutse ta yamma,
tsakani ruwa ya kwanta lamo, kore shar,
kamar wanda ya gaji da tafiya ya ratse ya zauna.

Barmani ta dafa dutsen. Ta ce wuta ne a da,
narkakke, yana tafasa a cikin ƙasa,
ya ɗauki zamunna kafin ya huce.
Na ce, ashe akwai wanda ya fi kakanki daɗewa da fushi.

Na tambayi Ndagi kada.
Ya ce sun bar wa garin sunansu sun yi gaba.
Bai dube ni ba da ya faɗa.

Na yi bisimilla, na cije robar,
na kifa fuska.

Shekara talatin ina Panteka,
guduma ta cinye mini rabin kunne,
ban taɓa jin numfashina ba sai yau:
yana shiga, yana fita,
kamar baƙo mai neman izini a zaure.

Hasken rana ya sauko igiya-igiya.
'Yan karfasa suka taso garke guda,
suka dube ni, suka juya lokaci ɗaya
kamar an kira sunansu.
Kurungu na kwance a tsagar dutse, gashin baki na rawa,
dattijon da ba ya tashi don kowa.
Ga kaguwa tana jan ganye da baya.
Ga murfin tukunya, wa ya san ta wace ce,
gansakuka ta yi masa riga.

Sai na manta. Na bi kurungun da kai,
bututu ya nutse, kogi ya shigo mini baki.
Na shure, na daki duhu, na daki dutse,
sai na ji hannu a tsintsiyar hannuna,
riƙo mai ƙarfi, daidai wurin
da nake kama ta in za mu tsallaka titi.

Na taso ina tari. Ndagi na dariya har gora ta faɗi.
Ruwan ko ƙirjina bai kai ba.

Ta ce, mu tafi?
Na ce, miƙo mini.

Sai la'asar muka juyo.
Gwiwata na jini kaɗan, tsohuwar wuta ta sa hannu.
A masallaci na kusa da ni ya yi ta satar kallon
zoben da roba ta bari a fuskata.
Ban ce masa komai ba.
Da na yi sujada, kunnena ya saki ɗan ruwa mai ɗumi,
ya gangara kan tabarma.