Ƙirgen Dare

Ƙarfe biyun dare, asibitin Damagaram.
Ina ƙirga numfashin Malam Kiyari da agogon hannuna:
talatin da huɗu a minti guda.
Na rubuta.

Kwana tara ya yi a gida, can bayan Miriya,
ana gasa masa haƙarƙari da tsumma mai zafi,
ana cewa sanyi ne, zai fita.
Sai da ya kira 'yarsa da sunan uwarsa
aka nemo mota.
Shekara saba'in, ga ciwon suga,
leɓe ya rine kamar an tsoma shi a baba.

Gado na gaba, Tsahara mai ƙosai a Zango,
kwananta biyu da zazzaɓi ta hau kabu-kabu.
Ƙanenta ya sayar da salularsa, ya sayo allurai.
Jiya ta sha kunu, har ta yi mini faɗa a kan taga.

Cutar dai guda ce.

Na'urar iska ɗaya ke aiki a ɗakin nan.
In wuta ta ɗauke nakan tsaya a kanta,
ina jin inji a waje shi ma yana tari
kafin ya kama.

Likita ya ce: shekaru, da jinkiri,
da abin da jiki ya zo da shi tun daga gida.
Matar Kiyari ta ce: kwana ne.
Ban musa wa kowa ba.

Asuba, ladanin Birni ya ɗaga murya.
Na sake ƙirgawa: ashirin da takwas.
Na maimaita, kada son zuciya ya ruɗe ni:
ashirin da tara.
Taran na rubuta.