Ramin da Ya Zama Tafki

Ɗaya ga Oktoba, ba aiki, ba makaranta,
gardama ta kaure a gidanmu tun shayi bai huce ba.
Jamilu ya ce gidan zu, shi zaki zai gani.
Zinatu ta ce zakin nan barci ne sana'arsa,
bara ma wutsiya kaɗai muka gani a kuɗinmu.
Uwarsu na son Asob, inda ruwa ke zubowa daga dutse,
ni kuwa ina lissafin litar mai a zuci, ban ce uffan ba.

Inna Dudu ce ta kashe maganar,
ita da ba ta fita sai suna ko ta'aziyya.
Ta ce, "Ku kai ni Refil."

Muka ɗuru a mota mu biyar,
da kular masa, da soyayyen dankali, da gorar zoɓo,
tabarma a naɗe tana tokare wa Jamilu kunne.
Daga Gangare zuwa Taminus
yara na tallar tuta, kore da fari da kore,
Zinatu ta miƙa kunci ta taga aka zana mata ɗaya.

A bakin ruwa mun tarar gari ya riga mu.
Ga masu lilo, ga mai gasa masara,
ga wani iyali sun shimfiɗa zane kusa da mu,
matar ta miƙo mana kwanon gwate ba ta tambayi sunanmu ba,
muka mayar da kwanon da masa shida a ciki.

Inna ta tuɓe takalmi ta zauna.
Ta daɗe tana duban ruwan
kamar mai neman fuskar da ta sani a taron kasuwa.

"Wannan ba tafki ba ne," in ji ta. "Rami ne.
Ubana Ɗantani ya tako daga Gumel da ƙafa,
ya ɗauki ƙasar nan a kwanon sarki,
daga asuba har inuwa ta juya,
ana wanke ta ana tsince kuza.
Ni ke kawo masa fura, ina 'yar shekara takwas.
Ranar da aka sauke tutar Bature
hutun yini ɗaya aka ba su.
Ya kwana yana tari, da safe ya koma."

Jamilu ya ce, "To ina kuzar?"
"Ta hau jirgin ƙasa, ba ta waiwayo ba.
Ramin suka bar mana,
Allah kuma ya ga ba kyau a bar shi fayau,
ya cika shi da ruwa."

Ni da na zo da jawabi a baki
kan 'yancin kai da kishin ƙasa,
sai na haɗiye shi da zoɓo.

Gyang mai kwalekwale ya ɗaga murya, saura mutum biyu.
Kafin mu ankara Inna ta miƙe.
Aka ɗaura mata rigar ruwa a kan mayafi,
jikarta ta riƙe mata hannu, suka shiga.
Daga nesa na hango ta ta sunkuya,
ta tsoma tafinta a ruwan, ta daɗe ba ta cire ba.
Ban san me ta faɗa masa ba,
Zinatu ma ta ce injin ya hana ta ji.

Hadarin Jos ba ya sallama.
Muka kwashi tabarma da gudu, maƙwabtanmu na dariya,
tutar kuncin Zinatu ta narke ta gangaro har haɓa.
A mota Inna na rawar ɗari tana murmushi,
ƙafarta duk jar laka, ta hana a goge.

Mun kusa gida Jamilu ya farka ya ce,
"Baɗi dai zaki."
Inna ta ce, "In da rai, ni zan biya."