Shafin Waje

Shekara talatin da ɗaya a Kasuwar Barci,
rumfa ta huɗu in ka shigo ta bayan masallaci,
ban taɓa neman almakashi don zare ba.
In ɗinki ya kai ƙarshe sai in sunkuya,
haƙorin gaba ya yi aikinsa, ƙyas,
in jawo wani wando.

Zare abu ne mai haƙuri.
Ashe yana cin nasa rabon a hankali,
har ya sassaƙa mini 'yar ƙofa a haƙori
wadda iska ke bi in na ce sannu.
Goro ya zo ya shafa jansa,
shayin Mamman Sidi ya ƙara duhu a kai,
sai na koyi dariya baki rufe
kamar mai riƙe da allura a leɓe.

'Yata Rumasa'u ce ta lura.
Ta baza hotunan gida a tabarma,
na sallah, na suna, na ranar da ta gama makaranta,
ta ce, "Baba, nuna mini ɗaya da kake dariya."
Na duba, na sake dubawa.
Na ce hasken ɗakin ne ba kyau.

Ran Talata muka ƙetare gada zuwa Barnawa,
kogi ya cika, ja wur kamar bakina.
Likita Kazah, mace mai sanyin hannu,
ta kwantar da ni ƙarƙashin fitila,
ta ɗora wani abu a kan yatsarta,
siriri kamar ɓawon tafarnuwa, na tangaran.
Ta ce za a kankare fuskar haƙori kaɗan,
a ɗauki awo, a yanka wannan daidai, a manna.
Na ce, "Ashe shafi ne.
Mu a ciki muke sa shi, ku a waje."
Ta yi dariya, sannan ta tsuke fuska:
"Malam Tanimu, abin da na kankare ba ya tsirowa."
Wa za a faɗa wa?
Yadin da almakashi ya shiga bai san hanyar komawa ba.

Ta jero mini farare kamar zaren kanti.
Rumasa'u ta nuna mai ƙyalli, farin sabuwar shadda.
Na ce a'a, yarinya,
ba a yi wa tsohuwar riga maho da sabon ƙyalle.
A ba ni farin da ya sha wanki uku.
Kuɗin kuwa, keken ɗinki biyu ne da canji.
Na miƙe zan tafi, ta riƙe mini hannun riga,
ta ce adashenta ne, ta riga ta kwasa.

Mako biyu, aka miƙo madubi.
Wani mutum ya dube ni, ƙanena da shekara goma,
ya buɗe baki, bai san inda zai tsaya ba.

An kafa mini doka: ban da zare, ban da ƙashi,
rake sai an yanka shi ƙanana.
Yanzu almakashi na rataye a wuyana kamar laya,
amma kaina bai ji dokar ba,
yakan sunkuya har rabin hanya
kafin in tuna.
Mamman Sidi na kira na ango,
na kuwa bar shi ya gani, duka shidan.

Da dare ne harshe ke yawo,
yana lalluben 'yar ƙofar nan, bango ya tare shi.
Sannuna ta daina fito.
Awon tsohon bakin, na farar ƙasa,
na roƙi likita ta ba ni,
yana cikin gwangwanin maɓallai,
da gurbin zaren a jikinsa.