Lanƙwasar Ɗ

Ƙarfe biyun dare a Gangare.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙasan ƙofa ya zauna mini a yatsu.
Fitilu uku nake gadi a kan allo,
biyu kore, ɗaya ja.

Shekara huɗu ina aikin da babu albashi.
Manhajar ta kowa ce, a buɗe take kamar rijiyar unguwa,
kowa ya zo da gugansa,
ranar da igiya ta tsinke, Ɗayyabu ake nema.

Gida uku nake ginawa da tubali iri ɗaya.
Linuks ba ya yafe babban baƙi a gurbin ƙarami.
Windos sandarsa baya take jingina, ta sauran gaba.
Mak kuwa maigidan haya ne da ya yi sabon kuɗi,
duk shekara sai ya sauya wa ƙofa wuri
bai gaya wa kowa ba.

A layi na ɗari biyu da sha bakwai
wanda ya riga ni ya bar wasiyya:
kar a taɓa nan, ban san dalili ba, amma kar a taɓa.
Ban san fuskarsa ba. An ce ya koma kiwon zuma.
Da sallama nake wuce layin,
kamar mai wucewa gindin duwatsun Riyom
da suka hau kan juna ba turmi ba siminti,
kana kallo kana rage tari.

Jiya na yi karambani.
Wata abokiyar aiki daga ƙasar da rana ke fitowa in tamu ta faɗi
ta ce, sa sunanka cikin jerin masu hannu mana.
Na sa. Na rubuta shi yadda Malama Chundung
ta koya mini a aji biyu,
da 'yar ƙugiya a kan harafin farko.
Ƙugiyar ce ta kamo zare.
Gida na uku ya zube har tushe.

Saƙo ya iso kafin shayina ya huce:
cire lanƙwasar kawai, ai duk ɗaya ne.
Aikin minti guda, na sani.
Amma in ka cire ta, ɗa ya koma da,
ka mayar da mutum abin haɗa magana.

Nepa ta ɗauke. Janaretan Pam ya yi tari sau biyu, ya haƙura.
Saura kashi sha tara a batir.
Na bi zaren, fayil bayan fayil,
har na tarar da tsohuwar na'urar a lungu
ta rantse haruffan duniya ba su wuce na akwatinta ba.
Ban yi mata faɗa ba.
Layi ɗaya na rubuta, na faɗaɗa mata akwatin,
na tura, na sa hannuwana a hammata.

Minti arba'in take ɗauka kafin ta yanke hukunci.
Motocin dankali daga Bokkos sun fara gangarowa Farin Gada,
ladanin masallacin Juma'a yana gyara murya,
Hajjo ta juya cikin bargo ta ce, har yanzu?

Ta uku ta yi kore.
Ban ce komai ba, na san halin ta farko.
A saman layin da na ƙara na bar tawa wasiyyar:
kar a taɓa nan. Dalilin shi ne sunana.
Sannan na tashi neman buta,
ruwan cikinta kamar ƙanƙara.