Ɓarawo Cikin Rigar Gida

Ruwan Logon ya hau tudu bana,
ya leƙa salga, ya leƙa rijiya,
ya ɗaura musu aure babu waliyyi.
Muka sha. Duk Kusiri, wa ke da wani ruwan?

Sati biyar, idona ya rine,
fitsari kamar shayin da aka manta a kan wuta.
Gwaggo Gaji ta ce shawara ce,
ta jiƙa min saiwar rawaya a ƙwarya.
Ciwo ya kwana, ya wuni, ya lafa.
Na ce to, baƙo ya yi sallama.

Ashe ɗaki ya sake.

Daren Laraba kafaɗata ta kama da wuta,
ba sara, ba duka, ba cizon kunama.
Da asuba na sauka bakin kogi,
mata sun cika jirgi da kwandunan tarwaɗa,
na ce wa hannu ɗauki filafili,
hannu ya yi kamar ba da shi nake ba.
Shekara ashirin da biyu yana jin magana.

A asibiti Falmata ta juya katina,
ta zana min da biro a bayansa:
"Ga baki, ga hanji, ga hanta.
Ƙwayar nan tsirara take shiga.
In ta hayayyafa za ta faɗa jini,
sai ta yagi ɗan kitsen jikinka ta yafa.
Masu gadin jini su gan ta ta wuce,
su ce ai ɗan gida ne."

Na ce ina ruwan hanta da kafaɗa?
Ta ce, "Kai da ke tuƙi kake tambaya?
Akwai garin da kogi ya ratsa
bai sauke masa kaya ba?
Takan kai jijiya, takan kai ƙoda,
wani lokacin masu gadin ne da kansu,
garin neman ɓarawo, suke rushe katanga.
Ba kowa take kaiwa can ba.
Dalilin, har yau ana bincike."

Gado na uku Barka mai gyaran koma ne,
ƙafa ta kumbura, fitsari na kumfa.
Bayan labule kuwa Hansatu,
wata bakwai, goyon ciki na fari.
Ita har mabiyiya ƙwayar ta bi ta,
ɗakin da uwa ke ɓoye abin da ta fi so.
Ba zan faɗi sauran ba.
Mijinta ya bar takalminsa a ƙofa,
har yau ba wanda ya taɓa.

Yanzu ɗana Ɗanjuma ke tuƙi,
yana karkata hagu, ina yi masa tsawa.
Ni ina zaune a baya da hannu a cinya
kamar kifin da aka ba ni ajiya.
A gida sai ruwa ya tafasa kafin ya ga randa,
Gwaggo na mitar tsadar gawayi.

Jiya yatsu uku sun motsa.
Na ɗaga kofin shayi rabin hanya,
ya zube min a wando.
Matan jirgi suka kwashe da dariya,
ni ma na taya su,
na ce Ɗanjuma, zuba wani.