Matakala Goma Sha Tara

Takardar gayyata ta zo ranar Talata,
da tambarin wata ƙungiya ta ƙasar sanyi,
shuɗin zane, hannu riƙe da hannu.
Na kashe wutar walda, na goge tafina a riga
kafin in taɓa ta.
Wai, Malam Tasi'u, muna son jin muryarka.

To, murya dai akwai ta.
Tun asuba na ɗiga wa sarƙar kekena mai,
na murzo shi da damtse daga Gyaɗi-Gyaɗi,
masu adaidaita na zuba min hon a ƙeya,
har otal ɗin nan na Nassarawa
mai furanni da ke shan ruwa fiye da layinmu.

A ƙofa sun rataya ƙyalle, faɗinsa ya kai tabarma uku:
BA ZA A BAR KOWA A BAYA BA.
Taron yana bene.
Injin hawa ya mutu tun azumi.

Masu gadi biyu suka cicciɓe ni
kamar buhun gero a Dawanau,
ɗaya na nishi, ɗaya na ba ni haƙuri.
Ni kuwa lissafi nake, sana'a ta saba min:
goma sha tara.
Gaskiyarsu, ba a bar ni a baya ba.
Ƙafafuna aka bari a ƙasa,
taya uku, ƙarƙashin ƙyallen.

A ciki na tarar da Barira tela.
An kawo mata tafinta, saurayi mai kwat,
hannunsa na zuba yaren makaranta,
ita kuma maganar hannun da ta sani
a tsakar gidan kakarta ta koya, a Yakasai.
Tana gyaɗa kai
yadda ake gyaɗa wa ruwan sama.

Malam Ghali, da bai ga rana ba tun yana yaye,
an miƙa masa kundi mai shafi arba'in.
Ya shafa bangon, ya yi fifita da shi,
ya ce, kai, wannan manufa akwai iska.

Ba na zagin jami'ar.
Ummulkhairi sunanta, 'yar Fagge ce,
na ga zufa a goshinta duk da sanyin ɗakin.
Akwai wanda ke jiran rahotonta ran Juma'a
a birnin da bai san kwatar unguwarmu ba,
yana son adadi: guragu nawa, kurame nawa,
da hoto, mu yi murmushi.

Da abin magana ya iso gabana na ce:
ni maƙeri ne.
Gangaren da keke zai hau ba a yi masa tsayin Dala.
In ƙasa ta tashi taƙi ɗaya,
a ja shi taƙi goma sha biyu.
Ku ba ni ƙarfe da kwana uku.
Kun kira ni in ci shinkafa in sa hannu,
alhali aiki na tsaye a ƙofarku yana kallona.

Aka tafa.
Ta rubuta, na ga biron ya motsa.
Ta ce za a duba a zango na gaba,
ba ta ɗago ido ba.

La'asar, da ambulan ɗin kuɗin mota a aljihu,
aka sake ɗaukata.
A matakala ta bakwai mai nishin nan ya rage murya:
Sagir sunana.
Gyatumata na Hotoro, shekara biyu
ba ta leƙa ƙofar gida ba.
Irin naka nawa ne?

Na ce sauke ni tukuna.
Faɗa min tsayinta a zaune,
da faɗin zaurenku,
da wane hannun ne ya fi ƙarfi.

Na rubuta awon a bayan kundin,
nan ne kaɗai suka bar fili.